Tururuwa a Cikin Ludayi

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu koma. Yayata ta rasu wata Laraba da hantsi a Sabon Birni, a zaune, bayanta jingine da buhun gero, domin ta yi shekaru ba ta iya kwanciya a miƙe. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, yanzu kuma ni kaɗai na rage.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa. Na zauna makoki a ƙasashe da dama, amma ban taɓa ganin an taru wa mace haka ba. Mata sun zo daga Isa da Bafarawa, uku-uku a kan babur, duk da halin da hanya take ciki. Wani babban ɗan kasuwa ya zauna kusa da ni yana share hawaye da bakin rawani. Ya ce, "Alhaji, ita ta yanke mini cibi, ita ta yanke ma ɗiyana tara. Ko allura ba ta taɓa amsa ba gare ni." Liman ya ce rabin masu bin sa salla hannunta suka fara taɓawa a duniya.

A rana ta biyu wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta dogaro sanda har bakin zaure inda maza ke zaune. Ba ta sassauta murya ba.

"Allah shi jiƙan ta, shi gafarta mata. Amma ku roƙa mata da ƙarfi, malamai, don bakinta ya yi ɓarna."

Wani ya ce, "Haba Inna, nan wurin?"

"Ƙyale ni, yaro. Tare munka yi wasan ƙasa da ita. In ban faɗa ba, wa za shi faɗa?"

Ɗanta namiji, wanda shi kaɗai ya rayu cikin mazan da ta haifa, bai ɗaga kai ba. Daga Burkusuma kuwa babu wanda ya zo. Mutane suka ce hanya ce. Ni da shi mun san ba hanya ba ce.

Ina rubuta wannan don kada a manta da ita. Amma akwai wata mace mai rai a Burkusuma wadda yayata ta ɓata wa suna, ta kuma bar duniya ba ta gyara ba. Ba za ni iya rubuta ɗaya in bar ɗaya ba.

Gidanmu na malamai ne a Isa. Babanmu yana karantar da yara da manya, kuma bai bambanta 'ya'yansa mata da maza a karatu ba. Yayata ta sauke Alƙur'ani kafin a kai ta gidan wani manomi a Sabon Birni. Ita ta goya ni. Har na yi furfura ba ta daina tuna mini ba. In na dawo daga tafiya na fara ba da labarin abin da na gano, sai ta ce, "Auta, duk ƙasashen nan da ka zagaya, bayana ka fara hawa."

Aikin ungozoma ta koya wurin uwar mijinta, kuma ta fi ta. Ba ta jin tsoron kowa, domin kusan kowa ta gan shi ranar da ya zo duniya. An taɓa kiran ta gidan wani mai faɗa a ji, matarsa ta kwana biyu tana naƙuda, shi kuma ya ce babu mai kai masa mata asibiti maza su gan ta. Yayata ta fito ta same shi cikin abokansa.

"Kai, tashi ka nemo mota."

Ya ce, "Inna, gidana na."

"Gidanka na. Ni kuwa na gan ka ranar da anka haife ka, ba ka kai ɓera ba, kuma fitsari ka fara yi mini a zane. Tashi."

Abokansa suka fashe da dariya, ya tashi. Matar tana nan da rai, ta zo gaisuwa.

A shekarun nan da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, wata Bafillata da ta gudo da tsohon ciki ta haihu a rumfar kasuwa, babu wanda ya san ta. Yayata ta kwaso ta zuwa ɗakinta, ta yi mata wankan jego kwana arba'in da itacen da ta tara wa kanta na damina. Ba ta jin Fillanci, matar ba ta jin Hausa sosai. Haka suka zauna, da hannu da ido. Wannan ma yayata ce, kuma ina so a riƙe shi.

A gidan babanmu akwai abin da muke kira haki. Tsakanina da ita an haifi biyar, uku suka mutu suna ƙanana. Yaro zai kama nono ya saki, ya kama ya saki, gumi na karyo masa a goshi, leɓɓansa su yi duhu, ba ya ƙiba. Babanmu da kansa a zaune ya riƙa ba da karatu a ƙarshen rayuwarsa, yana tsayawa tsakiyar aya ya nemi numfashi. Yayata ma ba ta taɓa iya daka turmi ɗaya ba tare da ta huta ba. Cikin bakwai da ta haifa, huɗu ta binne. Ba mu taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. Kowanne da nasa suna: wannan sanyi ne, wannan iska ce, wancan kwana ne ya ƙare.

Na yi shekaru ina fataucin goro da shanu. Na zauna Kumasi har na iya yarensu. Mutanen can suna cewa jinin mutum na uwarsa ne, ita ce dangi, wurinta ake gado. Mu kuwa mun ce ɗa na uba ne. Amma na lura muna faɗin haka ne idan ɗan ya rayu. In ya mutu a goye, sai a juya a dubi uwar.

Ɗan yayata ɗan acaɓa ne. Ya auri wata yarinya daga Burkusuma, 'yar makiyayan da suka zauna suka kama noma. Mai kunya ce, ba ta haɗa ido da kowa, tana kira na Kawu kamar yadda mijinta ke yi. Nakan yi mata Fillanci don in ga ta yi murmushi. Ɗanta na fari ya yi wata bakwai ya mutu da irin hakin nan. Yayata ta ce nono ne, ta dafa mata saiwoyi, ta yi mata abin da ake kira wankin nono. Na biyu ya zo, ya yi wata biyar, shi ma ya bi.

Ina gida a lokacin, na zo Babbar Salla. Kwana uku da binne yaron, da rana tsaka, yayata ta aika aka kira matan maƙwabta. Ta sa surukar tata ta tatsi nono a ludayi. Ta kamo tururuwa a gindin danga ta jefa a ciki. Al'adar ke nan: in tururuwar ta fito da rai, nono lafiya lau yake, in ta mutu, mugu ne. A ɗaki ake yi, tsakanin mace biyu ko uku. Ita a tsakar gida ta yi.

Ina tsaye bakin zaure, ina hango ludayin. Tururuwar ta yi ta fama har ta kai gefe. Sai ludayin ya ɗan karkata, nonon ya sake rufe ta. Hannun yayata yana rawa dama tun da ta tsufa. Ko rawar ce, ko ba ita ba, ban sani ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ta zagaya da ludayin ta nuna wa kowace mace.

"Kun gani da idonku. Ɗaci gare shi. Kin ci mini jikoki biyu, ba ki cin na ukku."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dubo ni, ta ce da Fillanci, a hankali, don kada sauran su ji, "Kawu, ka ce wani abu." Na ce mata wannan sha'anin mata ne. Na koma zaure.

Kafin mako ya zagayo ɗan yayata ya ba matarsa takardar saki. Yana son ta, kowa ya sani, amma bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. Sunan kuwa ya riga ta isa gida. A kasuwar Burkusuma in ana kwatance sai a ce gidan su mai ɗacin nono.

Ya sake aure. Sabuwar matar ta haifi 'ya mace. Wata uku ba su cika ba sai ga gumi a goshi, ga kama nono da saki. Wannan karon bai tambayi kowa ba, ya ɗauki matar da jaririyar zuwa babban asibiti a Sakkwato, ya roƙe ni in bi su saboda Turanci.

Likitar mace ce, yarinya, Hausarta ba ta da ƙarfi. Ta daɗe tana sauraren ƙirjin jaririyar, sannan aka shafa mata wani mai aka ɗora na'ura, muka ga zuciyar tana motsi a allo. Ta ce a cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo, kuma ɗaya daga cikin na yarinyar ta zo a matse.

Ɗan yayata ya ce, "Kamar bawul na babur ke nan, likita?"

Ta ce, "Kamar bawul."

Da ta ji an rasa biyu a baya, sai ta ajiye biro. Ta ce ko zai yarda ta saurari nasa ƙirjin. Ta saurara, ta kira wani ya saurara. Shi ma yana da shi, kaɗan, bai taɓa sani ba. Ta ce suna wani bincike kan gidajen da wannan ciwo ke bi, suna so su zana dangin gaba ɗaya, su ɗauki jinin wanda ya yarda. Ta tambaya wa ya fi kowa sanin haihuwa da mutuwar gidan.

Na zaci yayata ba za ta je ba. Da na gaya mata sai ta gyara zama.

"Lissafin gidanmu suka so? To wa za su tambaya in ba ni ba? Kai ko sunan kakarka ba ka sani ba."

Ba za ni manta wannan zama ba. Likitar ta shimfiɗa babbar takarda, tana zana da'ira ga mace, akwati ga namiji. Wanda aka ce ya yi haki sai ta cike nasa da baƙi. Yayata ta fara daga kakan babanmu. Ta kawo matansa, ta kawo 'ya'yan kowace, da wanda ya rayu da wanda bai rayu ba, da watan da ya kai, da yadda numfashinsa ya kasance. Babu takarda a hannunta. In likitar ta yi kuskure sai ta buga sanda a ƙasa.

"Auta, gaya mata wanda ya bi ma wanga mace ta, ba namiji ba. Kwana arba'in ta yi. Ita ba ta ji na?"

Likitar ta ce tun da ta fara wannan aiki ba ta taɓa samun mai riƙe dangi a ka haka ba. Na fassara. Yayata ta yi murmushi har da gyara kallabi. Sai ta ce a miƙo mata takardar ta ga aikinta.

Ba a bukatar boko don karanta wannan takarda. Baƙin ya fara daga sama, ya sauko layi ɗaya kamar sawun awaki zuwa rijiya.

"Wanga baƙin wa na?"

Na ce, "Babanmu."

"Waɗanga ukku?"

"Ƙannenki."

"Waɗanga huɗu nawa na, na sani." Ta bi da yatsa har ƙasa. "Ina matar ɗana ta farko?"

Na nuna mata. Da'ira ce a gefe, fara tas, babu baƙi ko ɗaya a bayanta.

Aka duba ƙirjin yayata ita ma, kuma abin yana nan. Tana ɗaura zane sai ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Tambaye ta, nono fa?"

Na tambaya. Likitar ta ce nono ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Tun yaro yana ciki zuciyarsa ke ginuwa haka, kuma yana iya zuwa wa wani da sauƙi ya tsufa da shi, ya zo wa ɗansa da tsanani. Ta ƙara da cewa ba laifin kowa ba ne. Na fassara duka, har da na ƙarshen. Yayata ta dangwala yatsa aka ɗauki jininta, aka ɗauki nawa. Bayan wasu watanni takarda ta zo: alama ɗaya a jinin yayata da ɗanta da jikarta. Nawa babu. Da na karanta mata sai ta ce, "Kai ka tsira don ka gudu da wuri."

A ranar na ce mata a aika Burkusuma. Na ce ko ita ba ta je ba, ni za ni je da takardar in karanta wa mahaifin yarinyar a gaban mutane.

"Ka karanta mi? Cewa jinin Malam na ka kashe ɗiya? Jikokina mata biyar sun kusa aure. Wa za shi zo neman su?"

Na ce, "Yaya, ita fa? Wa ke neman ta?"

"Yarinya ta. Tana samu."

Na ce mata na ga mutane a Makka suna bin wanda suka zalunta suna riƙe masa riga, don kada su mutu da haƙƙinsa. Ta ce in bar ta da labaran tafiya. Muka yi ta yi har muryata ta tashi, abin da ban taɓa yi mata ba. Sai haki ya kama ta. Da numfashinta ya dawo ta faɗi abin da ban taɓa ji ba.

"Da na binne na biyu, uwar mijina ta yi mini wanga gwaji. Gaban mata, kamar yadda na yi. Tururuwata ta fito da rai, Auta. Na gan ta, ta hau bakin ludayi ta sauka ta yi tafiyarta. Da ita na rayu. Na binne na ukku, na binne na huɗu, ina cewa ba ni ba ta, an gwada. Yanzu yarinyar da ba ta iya gaisuwa ba ta zo da takarda ta ce ni ta?"

Na ce likitar ta ce ba laifin kowa ba ne.

"Ita ta ce. Mutanen garin ga ba haka za su ce ba, ni na koya musu." Ta nuna ni da sanda. "In ka kai wagga takarda Burkusuma ina da rai, ban yafe maka goyon da na yi maka ba."

Na san abin da ya kamata in yi. Ban yi ba. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin kwanonin jerenta, ɗanta ma bai gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ya sauya. Daga ranar ba ta sake gwada nonon kowa ba. In an kawo mata mai jego ana zargin nononta, sai ta ce, "Ki ba ɗanki ya sha. Tururuwa malam ta, da za ta yanke hukunci?" Mata suka yi ta mamaki, ba ta yi wa kowa bayani ba. Jikarta kuwa, wadda ke shan magani ana jiran lokacin yi mata aiki, ba ta bari kowa ya ɗauke ta. Takan sa kunne a ƙirjin yarinyar ta daɗe, sannan ta ce, "Ke ma irina ta, 'yar banza," ta rungume ta.

Ta yi kusan shekara biyu a haka. Da ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya sa takalmi, na sake tada maganar. Na ce, "Yaya, kalma ɗaya. Ki ce in ce ke kin aiko ni." Ta rufe ido. Ta ce, "In an rufe ni, yi abin da kaka so. Ni dai ban aike ka ba." Wannan ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki takardar, ɗan yayata ya goya ni har bakin Burkusuma, ya ce shi zai jira a gindin bishiya. Na sami tsohuwar matarsa gidan mahaifinta tana sussukar gero. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi. Na karanta takardar a gaban mahaifinta da yayyenta biyu, da Hausa, sannan da Fillanci. Na ce nononta bai taɓa cutar da kowa ba, ciwon daga gidanmu yake.

Ta ce, "Inna ta aiko ka?"

Na ce a'a.

"Yaushe kunka sani?"

Na gaya mata. Ta lissafa da yatsu, ta sake lissafawa. Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Shi ya ba ni labarin. Ta yi aure a wani ƙauye ta tsallaken iyaka, ta haifi ɗa namiji, ƙato, mai ƙarfin kuka. Dangin mijin sun san sunan da ake kiran ta, suka ce kada ta ba shi nono, ita ma ba ta musa ba, don ta yarda. Aka sa shi kan madarar akuya. Da damina ta faɗi zawo ya kama shi, kwana huɗu ya yi. Auren ma bai kai kaka ba. A lokacin takardar ta fi shekara ƙarƙashin kwanoni.

Ta ce, "Kawu, nonon har riga yake jiƙa mini. Ina zagayawa bayan ɗaki ina matse shi a ƙasa, shi kuma shina ciki shina kuka."

Na ninke takardar. Amma na zo da roƙo, kuma wanda ya mutu ba ya iya roƙa wa kansa. Na ce don Allah ta yafe wa yayata, ta yafe mini.

Ta dubi geron da ke gabanta.

"Nawa na bar ma Allah. Na yaron kuwa ba ni da ikon yafe shi. Sai ku jira ku tambaye shi."

Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da aikinta.

Allah ka jiƙan yayata, ka dubi dubban da suka zo duniya lafiya ta hannunta, ka sassauta mata tambaya. Ita ta riga ni isa inda yaron yake.